Haƙurin Annabi Yaƙubu ba naɗe hannu ba ne

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Masu goyo ku zauna abinku, kukan yaro ba zai hana mu jin juna ba.

Duk wadda aka taɓa yi wa rasuwa ta san kalmar da ake kawo mata: "Ya haƙuri?" Ana faɗinta ranar uku, ana faɗinta ranar bakwai. Bayan arba'in sai ƙafa ta ɗauke, a naɗe tabarmi, a mayar wa maƙwabta tukwanensu. A nan ne ainihin ciwon yake farawa, kuma a nan ne da yawanmu muke ɗaukar haƙuri a matsayin kame baki da zama wuri ɗaya.

Mu duba Annabi Yaƙubu, alaihis salam, a cikin Suratu Yusuf. Shi ne ya ce zai yi haƙuri mai kyau. Amma Allah ya gaya mana idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Annabi ne fa, kuma ya yi kuka har ganinsa ya tafi. Da 'ya'yansa suka yi masa magana, ya ce ga Allah yake kai ƙarar damuwarsa. Sai me ya biyo baya? A aya ta 87 ya ce musu su tashi su je su nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa, kada su ɗebe tsammani daga rahamar Allah. Tsoho, ba ya gani, shekaru sun shuɗe, an sake riƙe masa ɗa na biyu a Masar, amma ya tura mutane hanya. Da hawayen da aiken, duk daga bakin mutum ɗaya suka fito. Shi ma Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Don haka wadda ta ce miki kuka rashin imani ne, ki yi mata uzuri, ba ta sani ba ne.

Ni da kaina na shiga wannan ɗakin. Da maigidana ya rasu na yi takabata, wata huɗu da kwana goma, na fita, amma zuciyata ba ta fita ba. Akwai keken ɗinkina a lungun ɗaki, na lulluɓe shi da tsohon zane, ko kallonsa ba na son yi. Wata safiya autata ta kawo mini rigar makarantarta ta yage a hammata. Na yaye zanen, ƙura ta tashi, zaren da na bari a jikin allura tun kafin ya kwanta ciwo yana nan yadda na bar shi. Na ɗiga wa keken mai, na taka. Wallahi ina ɗinki ina kuka. Amma na gama rigar, yarinyar ta sa ta tafi makaranta. Washegari na sake zama a kansa. Baƙin cikin bai tafi ranar ba, sai dai ya samu abokin zama.

Muna da uwa a wannan hanya. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, an haife ta a 1793. Tana yarinya aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yaƙi. Mahaifinta ya rasu a 1817, ɗan'uwanta Muhammadu Bello a 1837, kuma ta rubuta marsiyoyi ba ta ɓoye zafin rashi ba. Ita ce kuma ta tara 'yan taru, wato ƙungiyar mata masu neman ilimi, ta ɗora wa jajoji, wato shugabanninsu mata, hular malfa, suka shiga ƙauyuka suna karantar da mata.

Sai abu ɗaya da nake roƙonku kada ku raina. In aka wuce sati biyu mace ba ta barci, ba ta cin abinci, abin da take so a da ya fita ranta, ko ta fara cewa gara ta mutu, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. A yi addu'a, a kuma kai ta ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato. Zuwa can ba hauka ba ne, kamar yadda mai hawan jini yake zuwa a auna shi.

Kafin mu tashi, kowacce ta tuno mace ɗaya a unguwarsu da aka yi wa arba'in aka watse aka bar ta. Ki je mata cikin satin nan. Ba sai kin yi wa'azi ba, ki taya ta tsince shinkafa, ki bar ta ta yi maganar mamacin in tana so.

Yanzu mai tambaya ta ɗaga hannu. Hajiya ta can baya, bismillah.