Kallon Dajin Bakin Teku Daga Sama

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa, in lokaci ya bar mu.

Na farko, dajin da muke magana a kai shi ne na mangurof. Mangurof na ce, ba mangwaro ba, na ga wani ya fara haɗiyar yawu. Itatuwa ne da ke tsirowa cikin laka inda kogi ya haɗu da teku, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Duk Afirka ba ƙasar da ta kai Najeriya yawansu, galibi a Neja Delta. Mota ba ta shiga wurin, da ƙafa kuwa sai ka nutse har gwiwa, shi ya sa muke leƙensa daga sama. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoto tun 1972, kuma tun 2008 Amurka ta saki hotunan kyauta. Kowane ɗigo a hoton yanzu fili ne mai faɗin mita 30. Sai ka jera tsohon hoto da na bana, ka ga abin da ya tafi, kamar inda mai ya malala a Bodo, ƙasar Ogoni, a 2008.

Na biyu gajimare ne, yana rufe yankin kusan kullum, sai a koma ga rada (radar), wato na'urar da ke leƙen ƙasa da igiyoyin rediyo, ita tana ratsa shi. Mu wuce.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne nipa. Wani irin dabinon ruwa ne da aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906. 'Ya'yansa na bin ruwa, duk inda aka sare mangurof don itacen ƙyafe kifi, sai ya riga kowa zama. Tauraro kuwa kore kawai yake gani. Kore ne jiya, kore ne yau, sai kwamfuta ta ce lafiya lau. Ni kaina ta taɓa yaudarata. Na zana taswira ina murna daji ya farfaɗo, da muka shiga kwale-kwale sai matuƙin ya dube ni ya ce, "Oga, wannan ai nipa ne, ba kifi a nan." Kunya kamar in faɗa ruwan! Kore ne fa, jama'a, kore shar, amma ba dajin ba ne. Don haka sai ka je da kanka, ka ɗauki lambar wuri da GPS, ka koya wa kwamfuta bambancin.

Na huɗu... au, na uku ko? Na'am, Hajiya?

Tana tambaya ko wannan zai yi aiki a Arewa. Ƙwarai kuwa, Hajiya. Kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru ita ce nipar taku, ita ma kore take fitowa, sai a ɗauka shinkafa ce. Ki nemi hoton rani, bayan an girbe shinkafa, ki ga abin da ya rage a tsaye. Ki same ni bayan sallah in nuna miki yadda ake sauke shi.