Kumburin da ke Ɓoye a Bangon Jijiyar Jini

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran jama'a, na gode da kuka zo.

Yawancinmu mun ji cewa kitse ne ke toshe jijiyar jini. Haka ne, amma kitse shi kaɗai ba ya yin wannan aika-aikar. Tun a shekarun 1850 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya duba bangon jijiyoyi ya ga kumburi a ciki. Sai dai hankalin masana ya daɗe a kan kolastarol, wani nau'in kitse da ke cikin jini, har zuwa 1999 da Russell Ross na Amurka ya fito ƙarara ya kira cutar toshewar jijiyar jini da sunan cutar kumburi.

Ga yadda abin yake faruwa. Kolastarol ɗin da ake kira LDL yakan kutsa ƙarƙashin shimfiɗar cikin jijiya, musamman idan hawan jini, taba ko ciwon suga sun raunana ta. Ya maƙale a wurin, ya lalace. Sai ƙwayoyin wurin su saki wasu ƙananan sunadarai da ake kira saitokin. Aikinsu na mai shela ne: akwai ɓarna a nan, ku zo. Fararen ƙwayoyin jini su amsa kira, su shiga bangon, su dinga haɗiye kitsen. In ka duba su a na'urar ƙara girman abu, za ka ga cikinsu fal da ɗigon kitse. Su ma sai su saki nasu saƙon, IL-1β, wanda ke tayar da wani saƙon, IL-6, shi kuma ya sa hanta ta fitar da CRP, sinadarin da ake aunawa a jini don gane kumburi.

Ku saurari wannan da kyau, don nan ne rai ke tafiya. Jiki yakan rufe tarin kitsen da murfi na kolajin, wani sunadari mai ƙarfi kamar zare. Wani saitokin, intaferon-gama, yana hana ƙwayoyin tsoka gina wannan murfin, fararen ƙwayoyin jinin kuma suna fitar da sinadaran da ke cinye shi. Murfin ya yi siriri, wata rana ya tsage, jini ya daskare a kai nan take. Shi ne bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki. Sau da yawa jijiyar ba ta ma toshe sosai ba kafin ranar.

An gwada a kan mutane ko rage kumburin zai kare zuciya. A binciken CANTOS na 2017, ƙarƙashin Paul Ridker, an ɗauki mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya kuma CRP ɗinsu na sama. Maganin canakinumab, mai toshe IL-1β, ya rage sake aukuwar abin da kusan kashi 15 cikin ɗari, ba tare da ya taɓa kolastarol ba. Amma mutuwa ta dalilin ƙwayoyin cuta ta ɗan ƙaru, domin saƙon da aka kashe shi ne dai mai kiran garkuwar jiki. Methotrexate kuwa, wani maganin kumburi da aka gwada a 2018, bai yi komai ba. Colchicine, tsohon maganin ciwon gaɓoɓi mai arha, ya nuna amfani a 2019 da 2020, har Amurka ta amince da shi don zuciya a 2023, ko da yake wani babban gwaji na 2024 bai ga amfanin ba.

Don Allah kada wani ya fita daga nan ya nufi kemis. Diclofenac da ibuprofen da muke sha don ciwon jiki, ko da yake su ma maganin kumburi ne, ba sa kare jijiya, yawan shan su ma yana ƙara haɗarin. Colchicine kuma yana cutar da mai ciwon ƙoda ko hanta, sai likita ya duba ya rubuta.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.