Na shiga Tate Modern na tarar da randar Ladi Kwali

Assalamu alaikum jama'a. Mutanen Bauchin Yakubu ina gaisuwa, na Wunti da na Yelwa, har ku 'yan Azare da kuke ƙorafin ba na ambatonku. Yau muna Landan, bakin kogin Tems. Wannan ƙaton gini mai dogon bututun hayaƙi da ke bayana da can tashar wutar lantarki ce, a shekarar 2000 aka mai da shi gidan nuna zane-zane, Tate Modern. Shiga kyauta ce, baje koli na musamman ne kawai ake yankar wa tikiti. Irin na tikitin ne ya kawo ni, wanda aka buɗe a Oktoban 2025 na ayyukan masu fasahar Najeriya fiye da 50. Ku biyo ni, amma zan rage murya, nan ba kasuwar Muda Lawal ba ce.

Yauwa, ga ta nan. Mai naira 20 a aljihu ya ciro ta ya juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, wannan kuma randarta ce. Bari in matso da kyamara. Kun ga cikinta ya yi ɓul-ɓul, wuyan gajere, an ja layuka daga sama zuwa ƙasa, tsakanin layukan kuma ta zana ƙananan dabbobi tun yumɓun yana ɗanye. Ƙadangare, kifi, kunama, su ne abokan aikinta. Da hannu ta gina, tana ɗora yumɓu a kan yumɓu tana zagaye tukunyar, yadda matan Gbagyi suka gada. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Baturen nan Michael Cardew ya fara ganin tukwanenta, a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan sheƙin. A makarantar an riƙa shafa wa randunan sinadarin ƙyalli, a gasa su a wuta mai tsananin zafi. Sun yi kyau, sun yi ƙarko, amma sun yi nauyi, kuma sun daina tsatsafo. To randar da ba ta tsatsafo ai ba ta sanyaya ruwa, kowace uwa a Bauchi ta san wannan. Wato ranar da randar ta cancanci shiga akwatin gilashi a Ingila, ranar ta bar aikin da aka san randa da shi. Ni dai ban ce an yi asara ba, da ba a yi haka ba da wataƙila ba mu san sunan matar ba. Amma na daɗe a tsaye ina juya maganar.

Ɗakin gaba na 'yan Zariya ne, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, ɗaliban da suka kafa ƙungiya a 1958 a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Sun ce za su koyi dabarun Turawa, amma da zanen gidajen iyayensu za su yi aiki. Akwai kuma Ben Enwonwu, wanda aka sayar da zanensa na gimbiyar Ife, Tutu, a kan fam miliyan 1.2 a nan Landan a 2018. Masu son lissafi ku buga da canjin yau.

Na san wani malamin namu zai ce, ai wannan harkar gumaka ce. Allah ya gafarta Malam, akwai sassaƙe a ciki, ban musa ba. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda duniya ke rububinsu yanzu ba fuskar kowa a aikinsu. Ku ɗauki El Anatsui, mutumin Gana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka tun 1975. A 2023 aikinsa ya cika babban zauren da ke ƙasan ginin nan, an rataye shi tun daga rufi. Daga nesa ka rantse zanen saƙi ne da aka yi da zinariya. Sai ka matso ka ga marafan kwalaben giya ne, an buge su sun baje, an huda, an ɗinke da wayar tagulla ɗaya bayan ɗaya. Kayan da 'yan bola jari ke aunawa a sikeli.

Ga kuma tamu, Fatimah Tuggar, haifaffiyar Kaduna, malama a jami'ar Florida a Amurka. Ita ce ta ɗora faifan kaba, irin na rufe ƙwaryar fura, a kan garmaho, muryar Barmani Choge na tashi. A 2024 tana cikin mutum 8 da suka wakilci Najeriya a babban baje kolin Venice na Italiya, nan ma ƙorai ta kai, ta haɗa su da fasahar kwamfuta.

Wanda ya fi burge ni Ibrahim Mahama ne, ɗan Tamale a arewacin Gana. Da tsofaffin buhunan koko da na gawayi ya yi suna, yana ɗinke su yana lulluɓe manyan gine-gine. A 2024 ya rufe gefen ginin Barbican, wata cibiyar fasaha a nan Landan, da saƙi mai faɗin murabba'in mita kusan 2,000, ɗaruruwan masu sana'a suka saƙa suka ɗinka da hannu a Tamale, aka liƙa tsofaffin rigunan batakari, na gargajiyar arewacin Gana, a jiki, da dattin wuya da shatin zufar masu su. Kuɗin da yake samu a Turai kuma gida yake kwasa. Ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, ya ƙara da wani wurin mai suna Red Clay, inda ya sayo tsofaffin jiragen sama ya mai da cikinsu azuzuwan yara. Yaron unguwa zai ga aikin da aka nuna a Landan ba tare da biza ba.

Tamale fa ba ta fi Bauchi komai ba. Mu da muke da zanen duwatsun Geji da na Shira tun kaka da kakanni, ga masu ɗinkin hula da masu zanen ƙwarya a kowace kasuwa. Alhazanmu masu gina rukunin shaguna, don Allah ko ɗaki biyu a ware wa yaran nan masu zane a bayan littafin makaranta. Ma'aikaciyar nan tana nuna min agogo, za su rufe. Sai bidiyo na gaba.