Yadda Lambobi Suka Haɗe Hanyoyin Keke a Limburg

Ku yi tunanin wani allo. Shuɗi ne, ɗan ƙarami, an kafa shi a bakin wata mararraba cikin daji. Babu sunan gari a jikinsa, lamba ce kawai da kibiya. A yau za mu ga yadda wannan ɗan allo ya zama ginshiƙin tsara hanyoyin keke da na masu tafiya a ƙasa a wani lardi na Beljiyam, har maƙwabta suka zo suka kwaikwaya.

Lardin shi ne Limburg, a arewa maso gabashin ƙasar, kan iyaka da Holan. Shekaru da yawa arzikin yankin yana ƙarƙashin ƙasa. Mahaƙar kwal guda 7 ce ke ciyar da dubban gidaje, a garuruwa irin su Beringen da Eisden da Zolder. Daga baya aka shiga rufe su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe, wadda ke Zolder, ta tsaya a 1992. Magidanta suka zauna babu aiki, hukumomi kuma suka shiga neman abin da zai sake jawo mutane da kuɗi zuwa yankin.

Cikin waɗanda suka baro aikin kwal akwai wani injiniya, Hugo Bollen, wanda ya koma aiki da wata ƙungiya mai kula da dazuzzuka da filayen yankin Kempen da Maasland. Abin da ya dame shi ƙaramin abu ne, kuma duk wanda ya taɓa yawo a baƙon wuri ya san shi. Idan ya fita kan keke da matarsa, kowace mararraba sai an tsaya, a zaro taswira, a duba, a naɗe, a yi gaba kaɗan a sake tsayawa. Ana yawan cewa daga ramukan kwal ya ɗauko dabarar lambobin, amma shi da bakinsa ya ce ba haka ba ne. Sunayen garuruwa za su rikita mutane, haruffa kuma ba za su isa ba, sai ya ɗauki lamba.

Kafin wannan lokaci, yadda aka saba shi ne hukuma ta zana zagaye guda, ta ba shi suna, ta ce ga inda za ka fara, ga inda za ka ƙare. Idan zagayen kilomita 40 ne, kai kuma ƙarfinka na 15 ne, to ba da kai aka yi ba. Bollen ya bar zana zagaye, ya koma kan mararraba. Kowace mahaɗa aka ba ta lambarta. A kowace mahaɗa kuma akwai alluna masu nuna lambobin mahaɗun da ke kusa, kuma alamun suna aiki ko ta wane ɓangare ka fito. Kai za ka zauna da taswira tun a gida, ka ga nisan da ke tsakanin kowace lamba da ta gaba, ka rubuta jerinka a 'yar takarda, ka manna a kan keken. Idan hadari ya haɗu ko yaro ya gaji, ka yanke, ka bi wata lambar ka koma. A 1995 aka kafa allunan farko.

Ga abin da nake so mai tsara irin wannan aiki ya riƙe. Ba su fara da zuba sabuwar kwalta daga wannan iyaka zuwa waccan ba. Sun fara da duba abin da ke ƙasa: hanyoyin gefen magudanan da jiragen ruwa ke bi, hanyoyin gona, turbobin daji, da wuraren da tsohon layin dogo ya bi. Yawancinsu suna nan tun da daɗewa, sai dai kowace a yanke take, ba ta kai ka ga 'yar uwarta. Aikin mai tsari shi ne ya gano inda aka yanke. Wani wurin gada ce ta rage. Wani wurin babban titi ne ya ratsa, ana bukatar mashiga mai aminci. Wani wurin kuma mita ɗari biyu ne kawai na taɓo tsakanin hanyoyi biyu masu kyau. Kuɗin da aka kashe a irin waɗannan gurabe ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin da zarar an ɗinke su, duk abin da ke hagu da dama ya zama abu guda.

Wahalar ba ta injiniya ba ce kaɗai. Hanya ɗaya tana iya ratsa ƙananan hukumomi da yawa, da filin hukumar gandun daji, da gefen gonar wani. Mai keke bai san inda iyakar wannan ta ƙare ba, kuma bai kamata ya sani ba. Dole kowa ya yarda da allo iri ɗaya, lamba iri ɗaya, da wanda zai gyara idan abu ya lalace. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Allo ɗaya ya faɗi, baƙo ya ɓata, domin ba shi da komai a hannu sai jerin lambobi. Shi ya sa ake da masu sa kai da ke zagayawa suna dubawa, da hanyar kai rahoto ta intanet.

Tsarin ya bazu zuwa sauran yankin Flanders, wato arewacin Beljiyam, ya shiga Holan, ya taɓa sassan Jamus. Masu tafiya a ƙasa ma aka yi musu nasu, da alluna daban da mahaɗu kusa da juna, tunda mai ƙafa ba ya cin nisa kamar mai keke. A Limburg kaɗai hanyoyin keken sun kai kimanin kilomita 2,000.

Sai da wannan ya zauna sannan aka zo da kwalliya. A 2016 aka buɗe wata hanya a wurin shaƙatawa na Bokrijk, wadda ta ratsa tsakiyar tafki, tsawonta ya ɗara mita 200, ruwan yana daidai idon mai keke ta dama da hagu. A 2019 aka ƙara wata a dajin Bosland, mai zagayawa tana hawa har mita 10 a tsakanin itatuwa. Duk biyun a kan tsarin lambobin aka ɗora su. Mai son zuwa tafkin, 91 zai rubuta a takardarsa. Mai son hawa cikin itatuwa kuma, 272.