Darasi na uku: gyaran cikin silindar ƙaramin injin tururi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Muna nan Damagaram, cikin ɗan shagon bayan gida. Kai yaro, sauke wayar nan kan teburi, ba gemuna suka zo kallo ba.

Wanda bai ga darussan baya ba, abin da muke haɗawa ƙaramin injin tururi ne, samfurin Stuart 10V, na wani kamfanin Ingila da ya haura shekara 100 yana zuba irin waɗannan. Ba inji suke sayar maka ba. Guntayen ƙarfen zubi ne a kwali, da takardar zane, da ƴan kusoshi, sauran aikin kuwa naka ne da tur ɗinka, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi da wuƙa. In an gama, tsayinsa ko taƙi bai kai ba. Maƙwabcina ya leƙo jiya yana tambaya wai niƙa zai yi ko ban ruwa. Na ce ba ko ɗaya, juyawa kawai yake. Amma abin da ke juya shi, shi ne ya riƙa jan jirgin ƙasa tun da dogo ya isa Kano a 1911, jirgin da kakanninmu na nan sai sun yi kwanaki a hanya kafin su sa shi a ido.

Yau silinda za mu yi, ga ta. Ku dubi jikinta, baƙi-ƙirin, kaushi kamar bayan kada. A cikin yashi aka zuba ta, irin yadda masu tukwanen alminiyom ke yi, sai dai wannan font ce, baƙin ƙarfen zubi. Bayanta ya riga cikinta hucewa, shi ya sa ya yi ɓawo mai tauri, ga kuma yashi ya maƙale a ciki. Kafin ta hau tur sai ka gwada ta da tsohon magagari. Tsoho na ce, kar ka ɗauko sabo. In ya ci, madalla. In ya zame yana ƙara kamar ka goga shi a kwalba, kai ta wurin maƙeri ya binne ta cikin gawayi har ta yi ja, a bar ta cikin toka ta kwana ta huce da kanta. Kar wanda ya zuba mata ruwa. Wannan tamu ta ci, ga farin ƙarfe ya fito.

Yanzu ɗauri, kuma a nan nake so mu daɗe. Mandaran, wato abin da ke riƙe ƙarfe a kan tur, mai haƙora huɗu na sa, wanda kowane haƙori daban ake matse shi da makulli, domin silindar ba zagayayya ba ce, tana da wannan shimfiɗaɗɗen gefe mai ramuka uku. Na tsakiya mafitar tururi ne, biyun gefe su ke kai shi sama da ƙasan fistan. Wannan fuskar na sa mata ɗan fallen alminiyom don kada haƙori ya yi mata tabo.

— Maigida, ba ga rami nan a tsakiya ba? Me zai hana mu saita da shi?

To ka ji tambayar da ta taɓa cinye mini silinda guda. Ramin nan da kake gani, wurin zubi aka bar shi, kuma ba lalle ne yana tsakiya ba. Injina na farko da shi na saita, na huda, ciki ya yi kyau kamar madubi. Da na kwance na juya, sai ga bango ɗaya kauri, ɗaya siriri, kusoshin marfi suna neman faɗawa waje. Ba laifin kowa ba ne, nawa ne. Wata huɗu na zauna ina jiran wani ɗan'uwa da zai dawo daga Faransa ya riƙo mini wata. Saboda haka da bayan ƙarfen ake saitawa, da wannan leɓen zagayayye. Na goga masa alli, na kawo wuƙa kusa ba tare da ta taɓa ba, ina juyawa da hannu. Inda ya matso, ka sassauta haƙorin da ke can ɗaya gefen, ka matse na nan. Kaɗan-kaɗan. Mai gaggawa ya je ya sha shayi ya dawo.

Kafin mu kunna, shimfiɗa kwali a kan gadon tur. Font ba ta fitar da zare kamar ƙarfen gareji, gari take yi baƙi, in ya haɗu da mai da ƙurar hunturun nan tamu, ya zama abin wasa wuƙa, gadon zai riƙa ci kullum. Kwali ko takarda, ban da tsumma, tsumma yana naɗewa ya ja hannu. Haka hannun riga, naɗe shi. Kuma ba a sa mata mai ko ruwa wurin yanka, a bushe ake yi, tana da santsinta a jiki.

[ƙarar inji]

Fuska muke fara sharewa, gudu ƙasa-ƙasa. Yankan farko ku lura, na shiga da ɗan zurfi, wajen milimita 1, don bakin wuƙa ya shige ƙarƙashin ɓawon. Mai tsoro shi ke shafa sama-sama, wuƙarsa ta yi ta gurzar yashi ta dakushe nan take. Kun ji ƙarar ta sauya? Ta bar ƙaraf-ƙaraf ta koma shuuu. Mun wuce ɓawo ke nan.

Wannan fuskar da muka share, ita za ta zauna ta ƙasa, ta inda sandar fistan ke fita. Daga nan har mu gama huda ciki, makullin mandaran ba zai sake taɓa haƙoran nan ba. Ɗauri ɗaya, fuska da rami. In ka share fuska, ka kwance, ka sake ɗaurawa ka huda, ramin zai karkata ko da gashin kai ne, fistan ya riƙa tafiya a gicce, inji ya yi ta cijewa a wuri ɗaya, kai kuma ka yi ta zargin wani abu daban. Don haka nake cusa makullin a aljihu, kar hannu ya yi abin da ya saba.

Awon zanen da inci yake, na Turawan Ingila. Faɗin ramin kashi uku cikin huɗu na inci, wato milimita 19.05. Gudun da ya dace da font in wuƙarka ta ƙarfe ce zalla, wajen mita 20 a minti. Ka raba 20,000 da kewayen ramin, wato 19 sau 3.14, zai ba ka juyi 335 a minti. Tur ɗina ba ta da shi, tana da 300, shi muka sa. Wuƙar ciki kuma ka zaɓi mafi kauri da za ta shiga, kar ka zuro ta fiye da tsawon silindar da ɗan ƙari. Doguwa siririya rawa take, ta bar maka zane kamar tsagar fuska.

Abu ɗaya da yara ke mantawa: in wuƙa ta matsa 0.1, faɗin ramin 0.2 ya ƙaru, don tana ci ta ko'ina a zagaye. Ka san halin lambobin tur ɗinka tun kafin ka kusanci awo.

Af. Wuta ta ɗauke.

— Maigida, in janye wuƙar?

Tsaya, kar ka ja ta haka, za ta karce bangon. Fara ɗage ta daga jikin ƙarfen, ka riƙe lambar a ka, sannan ka fito da ita. Kashe makunnin kuma, kar wuta ta dawo hannunka na ciki. Dakatar da ɗaukar.

To jama'a, an dawo da ita bayan la'asar. Silindar tana nan yadda muka bar ta, ba a kwance ba. Yanzu muna 18.9. Saura kaɗan, kuma a nan ba na ƙara komai da yawa. Na matsa 0.05, na bi a hankali. Sannan ku kalli wannan: zan sake bi ba tare da na taɓa lamba ba. Kun ga har yanzu gari na zuba? Wuƙar ce ta lanƙwasa da farko, yanzu tana miƙewa tana cin abin da ta bari. Sau biyu, sau uku, har ta daina. In ba ka yi haka ba, bakin ramin zai fi cikinsa faɗi.

Ma'auni ya ce 19.07. Mun wuce da ɗan ƙiris, kuma ko a jikina, domin ba a yi fistan ba tukuna, shi za mu sassaƙa ya bi ramin. Abin da nake nema ramin ya zama ɗaya daga baki har ƙarshe. Ga wannan guntun ƙarfen da na sassaƙa don gwaji, na tura ta nan, ya shiga da ɗan riƙo, ya bi har can bai saki ba, bai cije ba.

Yanzu makulli ya fito daga aljihu. Mun kwance, za mu juya ta mu share ɗaya fuskar zuwa tsawon da zane ya ce, wannan ba wuya, marfi kawai ke zama a kai. Fuskar ramuka ukun kuma a kan gilashi za a goge ta da samfefa mai laushi, aikin yaro ne gobe da safe. Miƙo gwajin nan. Na toshe ramukan gefe da yatsa, na rufe ƙarshen da tafin hannu, na ja. Matso da wayar su ji.

[ɓus]

Sake ɗaya, ɗazu babur ya wuce.