Darasi: duba shofo na gaz kafin ɗari ya sauko

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da warhaka. Yau muna cikin wani gida nan unguwar Ali Ɗan Sofo, maigidan ya yarda mu ɗauki aikin. Kai ƙanena, ɗan ja baya da wayar su ga bangon duka. Yauwa, tsaya nan.

Wanga shi ne shofo, hitar ruwa mai aiki da gaz, irin wanda ba shi da tanki: ka buɗe famfo wuta ta kama, ka rufe ta mutu. Tun watan Maris ba a taɓa shi ba, don wa zai nemi ruwan zafi cikin bazarar Maraɗi? Sai Disamba ta kama, kowa ya tuna da nashi rana guda, a yi ta kiranmu tun asuba. Shi ya sa nike so ku duba shi tun yanzu cikin kaka.

Na rufe gaz daga tukunya. Cire maɓallai da murfi kun san shi, turnabis ne kawai. Matso ka nuna musu ciki. Kun ga ƙura? Wagga ta hunturun bara ce. Kun ga kuma wanga dunƙulen laka can sama, bakin bututun hayaƙi? Ɗakin zanzaro ne. Wata bakwai wuri shiru, dole ya yi gini. Wani lokaci har saƙar gizo da busasshen ƙadangare muke fiddowa. Tsohon buroshin haƙori ya ishe ku, ku share layukan da wuta ke fitowa, ku hura. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sa allura cikin ƙananan ramukan gaz. In ramin ya ƙara faɗi ko da ɗan kaɗan, gaz ya rinjayi iska ke nan, kuma ba ya gyaruwa sai an sake.

Yanzu mu sauka ƙasa wajen shigar ruwa, in kwance wanga... a'a, tsaya, ban rufe ruwan ba. Ku rufe ruwa tukuna, ku fidda pil, wato batir, sannan ku sa kile, abin kwance noti. Miƙo bokitin nan.

To, nan nike so ku natsu. Cikin bakin wanga tiyon na ruwan sanyi akwai wata ƴar rariya, ba ta kai girman dala ba. Shofo ba ya kamawa sai ruwa ya shigo da ƙarfi ya tura wani faifan roba da ke cikin wanga gidan na tagulla, roba ta tura ɗan tsinken ƙarfe, tsinke ya buɗe hanyar gaz ya kuma taɓa abin da ke yin tsak-tsak ɗin nan. In rairayi ya toshe rariyar, ruwa zai riƙa fita a famfo, ka ce ai da ruwa, amma ƙarfinshi bai kai ya tura robar ba. Gidajen da ke shan ruwan foraj su sunka fi fama da wanga. Lokacin da nike sabon shiga, na yi kwana biyu a wani gida, na sake pil, na sake roba, na sa maigida ya kashe kuɗi, ashe rariyar ce. Har yau abin na damuna, shi ya sa da ita nike farawa. Da ɗan tsinke za ku zaƙulo ta, a hankali, kar ku huda ta. Ku lura da fuskar da ta kalla kafin ku cire, ku mayar yadda kunka same ta. Ɗan zoben robar nan na baki kuwa, ni ba na mayar da tsoho, sabo nike sawa. Ku ɗaure da hannu har ya tsaya, sannan kile ya ƙara ɗan kaɗan. In kunka matse da ƙarfi zoben zai murƙushe, ya yi ta ɗiga.

In rariya fes take amma wuta ba ta kama ba, ku dubi tsawon shatonku, wato tankin ruwan gida da ke sama. Mita 10 na tsawo shi ke ba da ƙarfin bar 1 (bar ma'aunin ƙarfin turin ruwa ne), to tankin da ke mita 2 bisa kan wanka me zai tura? Kan wankan ma farin dutsen ruwa na toshe ramukanshi, ku jiƙa shi cikin farin binegar ya kwana.

Pil guda biyu ne manya, R20. In ɗari ya wuce ku fidda su, zafi na sa su zubo ruwa su cinye ƙarfen gidansu.

Mu zo ga tiyon gaz. Lanƙwasa shi ka nuna musu. Kun ga tsagewa? Ranarmu ba ta barin roba. Mai kyau akwai shekarar da wa'adinshi zai ƙare rubuce a jikinshi, na roba shekara 5 ne, amma wanda ke shan rana ba na jira ya kai. Ina da masu kyau a shagona wajen babbar kasuwa, da zobba da pil, wanda ya zo zan nuna mishi inda ake karanta shekarar, ko bai saya ba. Kan tukunya kuma, detandar, abin da ke rage ƙarfin gaz, na gaz ɗin bitan mai lamba milibar 28 ake sawa, ba irin na babban murhun masu tuwon saidawa ba. Ni na fi son tukunya mai kilo 12.5, mai kilo 6 ba ta jimawa a gida mai iyali. A tsaye ake aje ta, a inuwa.

Na buɗe gaz. Kumfar sabulu a kowane mahaɗi, in ta yi ƙwai yana tashi, akwai yoyo. Ban da ashana, don Allah. Gaz ɗin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, kana tsaye ba lalle ka ji warinshi ba.

Buɗe famfo. Kun ji? Ta kama. Matso da wayar ta wagga ƴar taga. Shuɗiya ce, a tsaye, haka ake so. In kunka ga ta yi rawaya tana lilo, ko baƙin hayaƙi ya shafi bango, ku kashe ku kira mai gyara. Irin wagga wutar na fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai wadda kaskon gawayi ke fitarwa cikin rufaffen ɗaki. Akwai gidan da anka kira ni cikin Janairu, uwargida ta ce duk wanda ya yi wanka sai ya fito da ciwon kai da jiri. Na tarar da shofon cikin banɗaki, an liƙe tagar da leda saboda sanyi. Na ce Hajiya, ku gode Allah, yau ba mai sake shiga nan sai na fidda shi waje. Yara ne ke wanka a ciki. Ni ba na ɗaura shofo cikin banɗaki ko nawa za a ba ni, waje nike sa shi da ƴar rumfa. In wani ya faɗi, ku buɗe ƙofa, ku fito da shi iska, ku kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Taɓa ruwan mu ji. Ya yi zafi? To rage shi, ni ba na son a kai maɓallin ƙarshe, yawan zafi ke tara farin dutse cikin bututun tagulla. Wanke wannan dutsen kuwa, aikin wata rana ne, shina buƙatar a sauke shofon ƙasa. Miƙo murfin mu mayar.