Bidiyo ɗaya a gida, kowa ya kalla a wayarsa ba tare da data ba

Sadiƙ: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ga Hauwa, ga Malam Isa. Tun da maganar ajiye bidiyo wuri ɗaya a gida ta fito a shirin da ya wuce, saƙonni ba su tsaya ba, kuma kusan kowa abu ɗaya yake tambaya: data nawa abin zai ci?

Hauwa: Dole su tambaya, Yaya Sadiƙ. Tun da NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, kowa da lissafi yake kunna data.

Sadiƙ: To ba ya cin ko megabait ɗaya. Mutane sun ɗauka Wi-Fi da intanet abu guda ne. Rautar gidanka, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, ko ka cire layin da ke cikinta, tana nan tana haɗa wayoyi da kwamfuta da talabijin. Tsakaninsu suke magana, ba ruwan kamfanin waya.

Malam Isa: To ai Xender ma haka yake yi. Me ya kai mu ga wannan wahala?

Sadiƙ: Xender kwafa yake yi, Malam. Gida mai waya biyar, tafsirin azumi ɗaya sai ya zama kwafi biyar, kowa na kukan memori ya cika, ana goge hotunan yara don a samu wuri. A nan kuwa kwafi ɗaya ne a kan hadis guda, wato hard disk na ajiyar fayiloli, kowa ya buɗe ya kalla daga inda yake. Hanya mafi arha, duba bayan rautarka. In akwai ramin USB, kamar yadda wasu na TP-Link suke da shi, sai ka soka filash ko hadis, ka shiga saitin rautar ka kunna rabawa. A waya ka sa VLC, manhajar kunna bidiyo, kyauta ne, ka shiga wajen da yake nuna na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗinka, za ka ga fayilolin.

Hauwa: Masu MiFi fa? Su ne suka fi yawa a masu sauraronmu.

Sadiƙ: Yawancin MiFi ba ta da ramin da za ka soka hadis, amma tana haɗa na'urori, kuma tana da batir. Sai ka nemo abin da zai riƙe fayilolin. Kuma ko mai rautar USB ɗin ma, akwai inda take gazawa. Ramin USB 2.0 wutar da yake bayarwa kaɗan ce, wani hadis ɗin sai ka ji yana ƙas-ƙas ya ƙi tashi. Sannan in tsarin da aka yi wa filash ɗin fomat da shi FAT32 ne, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. Sai an mayar da shi NTFS ko exFAT, in rautar tana karanta su.

Malam Isa: Wane irin bidiyo ne zai wuce giga 4?

Hauwa: Na biki mana, Malam!

Malam Isa: Af! Na manta da masu ɗaukar biki.

Hauwa: Kamu daban, wuni daban, dina daban, kai amarya daban. Kuma mai bidiyon ba ya yanke komai.

Malam Isa: Ni abin da nake so a yi mini bayani shi ne ɗaukar mutane suna cin abinci. Mutum ya ɗebo shinkafa zai kai baki, sai ga fitila a fuskarsa.

Hauwa: Shi ya sa mata ke rufe kwano da mayafi in sun hango shi.

Sadiƙ: Kuma bayan shekara goma wajen ake nema a kalla.

Hauwa: Wallahi. Gwaggona ba ta kallon amarya, anko take dubawa: wace ce ta ɗinka, wace ce ta zo da nata daban, wa ta yi liƙi da sababbin kuɗi.

Malam Isa: Mu a ɗaurin aure minti biyar an gama, an shafa fatiha, an raba goro da alawa. Amma ko mu yanzu sai ka ga jirgin ɗaukar hoto yana shawagi a saman masallaci.

Hauwa: Yara suna bin sa da gudu.

Malam Isa: Har liman sai da ya ɗaga kai.

Sadiƙ: To wannan bidiyon na Gwaggo shi ya sa nake cewa a nemi tsohuwar laftof. Ina nanata wannan saboda wutarmu. Rauta da hadis, ana ɗauke wuta sun mutu nan take, kuma hadis ba ya son a katse shi yana cikin aiki, a haka fayiloli ke lalacewa. Laftof kuwa da batirinta, ko na minti talatin ne ya isa a kashe ta cikin natsuwa. Ko allonta ya fashe ba komai, ba kallonta za a yi ba. Wadda aka jefa a ƙarƙashin gado ta isa, in babu kuma a leƙa Farm Centre ko kasuwar waya ta garinku a nemi ta hannu. Windows da kanta tana raba folda, VLC ya gani. In kana son abin ya yi kyau, da hotuna da jeri, kowa da asusunsa, ka sa Jellyfin, manhajar da ke tsara bidiyoyin ta raba wa na'urorin gida. Kyauta ne gaba ɗaya, tun 2018 aka ɓalle shi daga wata manhaja irinsa mai suna Emby. A burauza za ka rubuta adireshin laftof ɗin ka ƙara :8096 a ƙarshensa, shi ke nan. Abin da ya fi burge ni, kana iya buɗe wa yara asusu ka zaɓa musu foldar da za su gani, katun da karatun Alƙur'ani, sauran ba za su san ma suna nan ba.

Hauwa: Wani ya turo yana tambayar Plex, wata manhaja mai aiki irin na Jellyfin.

Sadiƙ: Plex yana da kyau, amma yana son ka shiga asusu ta intanet, kuma a 2025 suka mayar da kallo daga wajen gida na kuɗi, suka kai rajistar dindindin kusan dala 250. Ga gidan da data ke yankewa, Jellyfin ya fi kwanciyar hankali.

Malam Isa: Ƙaramar kwamfutar nan da ka taɓa nuna mana fa?

Sadiƙ: Raspberry Pi 4. Bolt 5 take amfani da shi, fawa-bank mai ƙarfi ma yana ɗaukarta. In kana da sola ta dace sosai, amma sayenta za ka yi da dala, laftof kuwa tana gida. Abu ɗaya dai, ka haɗa laftof ɗin da rauta da kebul in da hali. In kuma bidiyo yana tsattsayawa, ka koma Wi-Fi na 5GHz in rautar tana da shi, sai dai ba ya ratsa bango kamar na 2.4GHz, musamman gidan da ɗakuna suka yi nisa da juna.

Hauwa: Yaya Sadiƙ, mun ce za mu rufe da maganar ajiyar kwafi na biyu, ga shi Malam yana nuna agogo.

Malam Isa: An kira la'asar tun ɗazu.

Sadiƙ: To a gurguje: hotunan iyali da bidiyon biki ku kwafa su a hadis na biyu, ku ajiye shi ba a jone ba. Sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Masu tambayar talabijin ɗin da ta ƙi buɗe wasu bidiyoyin, ku turo mana sunan samfurinta.

Hauwa: Mu kwana nan, sai an jima.